Farin Shafi a Wayoyin Mutanen Gitata

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsaya gaban iyayen yara cike da zauren makarantar kawuna, na ce yau zan kama musu maƙetaci ba. Na kuwa kama shi, har sunansa ya fito a jikin bango da manyan baƙaƙe. Amma bari in faro daga tushe, don in na fara da ƙarshen ba za ka tausaya mini ba (ko da yake in ka ji farkon ma ba lallai ba ne).

Ni mutum ne mai zargi, kuma gado na yi. Kakata in za ta zaga bayan gida sai ta ɗora tsinken tsintsiya a kan murfin tukunyar miya, in ta dawo ta duba ko ya gusa. A hannunta na tashi. Har yau in mutum ya gaishe ni sau biyu a rana ɗaya sai na tambayi kaina me yake nema. Sana'ata gina shafukan intanet. Kwana uku a mako ina bin motar safe zuwa Abuja wurin wani ƙaramin kamfani, sauran kwanakin ina nan Keffi ina 'yan ayyukan kaina.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da makarantar sakandare mai ɗakunan kwana a Gangaren Tudu. Yara da yawa daga ƙauyuka ake kawo su, kuma a da duk ƙarshen zango sai iyaye sun yo takanas don karɓar takardar sakamako. Kawu ya ce in gina masa shafin da uba zai duba sakamakon ɗansa daga wayarsa yana zaune a gindin bishiya. Na gina. Zangon farko komai ya tafi lafiya, har Kawu ya daina kirana da sunan da yake kirana tun ina yawo ba wando, ya koma ce mini Injiniya.

Mutum ɗaya ce kawai ban ga haƙoranta ba a kan wannan ci gaba, Madam Rifkatu. Ita ce mai buga takardun makarantar tun ranar da aka buɗe ta. Dattijuwa ce 'yar Gitata, ba ta da yawan magana, kuma kusan duk yaran Gitata da ke makarantar ta hannunta suka zo, don iyayensu sun yarda da ita. Kafin zuwana ita ce komai: ita ke buga sakamako, ita ke miƙa wa iyaye, ita ake yi wa godiya da doya. Da shafina ya zo aikinta ya koma shigar da maki kawai. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Ni ne na zauna na yanke mata hukunci cewa abin yana ci mata rai, tunda da ni aka yi wa haka da ya ci mini.

Yanzu sai ka yi haƙuri in ɗan shiga da kai ɗakin girkinmu, ba zan daɗe ba. Yaren da muke rubuta shafi da shi kullum canzawa yake, ana ƙara masa sababbin salo. Burauzar sabuwar waya, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, tana jin sabon salon, ta tsohuwar waya kuwa ba ta ji. Shi ya sa kafin shafi ya fita ake bi da shi ta hannun wata manhaja da ke aikin tafinta, ta juya sabon salon zuwa tsohon da kowa ke ganewa. Ana kuma haɗa masa wasu faci da muke kira polyfill, waɗanda ke ara wa tsohuwar burauza abin da ba a haife ta da shi ba. Akwai wani ɗan fayil da ba ya wuce layi huɗu ko biyar, inda kake gaya wa tafintan iya tsufan wayoyin da kake so ya yi wa hidima. In ka ce masa har na da can, shafin zai ɗan yi nauyi. In ka ce sababbi kawai, zai yi sakayau.

To a hutun ƙarshen zangon farko, a wani zauren WhatsApp namu na masu wannan sana'a, aka shiga yayin gwajin saurin shafi. Kowa na ɗora makinsa ana yabawa. Nawa ya fito a tsakiya, wani yaro da na girme wa nesa ba kusa ba ya saka mini hoton kunkuru. Na ce sai na wanke kaina. Na buɗe ɗan fayil ɗin nan na gaya wa tafinta daga yau sababbin burauza kaɗai na sani, na kwashe facin gaba ɗaya. Maki ya haura sama, na ɗora a zaure, aka tafa mini. Na gwada a kwamfutata da wayata da wayar matata, duk ya buɗe kamar walƙiya. Daga nan na manta da zancen kamar yadda mutum ke manta abin da ya ci shekaranjiya.

Sai ƙarshen zango na biyu aka saki sakamako, ƙorafi ya fara shigowa. Wai shafi ba ya buɗewa, fari fat kawai ake gani. Na ce matsalar sabis ce. Aka ce an hau tudu an gwada. Na ce data ce ta ƙare. Aka ce an sa sabuwa. Duk wannan saƙon kuma ta bakin wa yake zuwa? Madam Rifkatu. Duk ranar da nake Keffi, da safe sai ta leƙo ɗan ofishin da Kawu ya ba ni, rungume da wani littafi mai shuɗin bango, ta ce, "Injiniya, yau ma mutum biyu sun kira."

Na ce a raina, me ya sa ita suke kira ba ni ba? (Amsar ita ce ba su da lambata, amma a lokacin wannan amsa ta yi mini sauƙi da yawa.)

Na karɓi sunayen masu ƙorafin na jera. Mutum goma sha bakwai. Na duba adireshinsu a rajistar makaranta, sai na ga goma sha biyar daga Gitata da kewayenta suke. Ba ɗan cikin garin Keffi ko ɗaya. Na ce biri ya yi kama da mutum. Ta yaya shafin intanet zai san garin su mutum? Na shiga bayanan da sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ke ajiyewa na duk wanda ya ziyarci shafin, na ga a daidai lokutan da suka ce sun gwada, sabar ta miƙa musu shafin lafiya lau, ba kuskure ko ɗaya. Manhajar da na sa don ta kawo mini rahoto in wani abu ya fashe ita ma shiru. Ban tsaya na yi tunanin cewa ita kanta mai kawo rahoton a cikin shafin take ba, in ya mutu tun a bakin ƙofa tare suke mutuwa. Ni dai na ga hujja. An ba su shafi sun karɓa, sun juyo sun ce fari suka gani. Wani ne ya kitsa musu, kuma na san gidan da ake kitson.

Daga ranar na zama ɗan sandan ciki. Na canza mata kalmar sirri sau biyu a mako ɗaya don in ga ko za ta rikice, ta zo cikin natsuwa ta ce a ba ta sabuwa. Na riƙa barin ƙofar ofishina a ɗan buɗe don in ji me take faɗa a waya, amma rabin maganar da yarensu take yi, wanda hakan ma na lissafa shi cikin hujja. Har abin kakata na yi: na ɗora tsinken ashana a kan murfin kwamfutata na tafi masallaci. Na dawo na tarar ya faɗi ƙasa, na ce an taɓa. Fanka na ta juyawa a kaina, ban ko ɗaga ido na dube ta ba.

Ranar wata Talata ta shigo ta tsaya ta ce, "Injiniya, don Allah in tambaye ka. Zangon farko mutanen nan duk sun ga sakamako. Akwai abin da ka canza a hutu?"

Na dube ta sama da ƙasa. Wato so take ta ji sirrin aikina. Na ce, "Madam, aikin kwamfuta ne, ba zai yiwu in yi miki bayani a tsaye ba."

Ta ce, "To in ka samu lokaci ka duba littafin nan, na rubuta wasu abubuwa."

Na ce ta ajiye abinta zan neme ta. Ban neme ta ba. Wa zai karɓi hujja daga hannun wanda ake tuhuma?

Na je na sami Kawu a falonsa bayan la'asar, na baje masa takardu. Ya saurare ni yana jan carbi. Can ya ce, "Injiniya, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Matar nan tun ranar da aka buɗe makarantar muke tare. Ko allura ban taɓa nema na rasa ba."

Na ce, "Kawu, ai mai satar allura daban, mai kare kujerarsa daban. Kwamfuta ba ta ƙarya."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta karya shi, don Kawu yana jin tsoron kwamfuta kamar yadda yake jin tsoron likita. Ya ce ranar Asabar mai zuwa akwai taron iyaye da malamai, in na tabbatar da maganata a gaban jama'a zai sallame ta a ranar. Ya ce in buga takardar sallamar da kaina, tunda ba za a ba mutum wuƙar yanka shi ya wasa ba. Na tuna ita ke riƙe da jikokinta biyu. Amma na kawar da tunanin, na ce ita ta jawo wa kanta.

Na jira ta fita cin abincin rana, na lallaɓa ofishinta na tura takardar zuwa firinta. Kafin ta fito aka ɗauke wuta. Na yi tsaki, na tafi wani shagon buga takardu a cikin gari na buga, na sa a ambulan na kai wa Kawu.

Ranar Asabar na sa sabuwar shadda. Na haɗa kwamfutata da majigi, shafina ya fito a jikin bango ƙato guda. Mutanen Gitata sun zo da yawa, sun zauna wuri ɗaya a gefen taga, wanda shi ma na ce alama ce (mota ɗaya suka shigo, tare suka iso). Madam Rifkatu na can ƙarshen teburin malamai da littafinta a cinya. Ambulan kuwa ina hango bakinta a aljihun gaban rigar Kawu.

Na yi jawabi mai tsawo a kan ci gaba da masu jan ƙafar ci gaba. Ban kama suna ba, amma na riƙa juya ido wurin da ya kamata. Sannan na ce duk wanda ya ce shafi ba ya buɗewa a wayarsa ya taso da ita nan, ni zan buɗe masa a gaban kowa. Dabarata ita ce ba wanda zai taso, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sai ga wani dattijo ya miƙe ba ko jinkiri. Baba Ayuba, manomin doya, 'yarsa na aji biyar. Ya zaro waya daga aljihu, an ɗaure bayanta da roba, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Ga shi, ɗana. Ni sati uku ke nan ina so in ga ko yarinyar ta ci lissafi."

Na karɓa ina murmushin mugunta. Na rubuta adireshin da kaina, na ɗaga wayar sama yadda kowa zai gani. Ta yi juyi, ta yi juyi, ta tsaya. Fari fat, kamar an shafa wa bango farar ƙasa. Na sake gwadawa. Fari. Na haɗa ta da intanet ɗin wayata, kada a ce sabis ne. Fari. Kafin in ɗago, mutum shida sun jeru a gabana kowa da tasa a hannu, kuma abin da na fara lura da shi shi ne duk wayoyin iri ɗaya ne sak, kamar 'yan gida ɗaya.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa zargi ya riga ya yi mini kaka-gida, sai kawai ya canza riga. Na ce wa jama'a, to ba ƙarya suke yi ba, ashe abin ya fi haka muni: wani ne ya shiga cikin shafin ya yi ɓarna. Na ce Allah ya sa duk wanda ya taɓa ko harafi ɗaya a aikin nan, akwai kundin da ke rubuta sunansa da ranar da abin da ya yi. Na ce yanzu za mu buɗe shi tare. Na ga Kawu ya kai hannu ya dafa aljihunsa.

Na buɗe kundin, ya fito a bango. Sunana ne daga sama har ƙasa, ba na kowa ba. Wannan bai isa ya dame ni ba tukuna, ina ta gangarawa ina neman baƙon suna, sai muryar Madam Rifkatu ta fito a hankali daga ƙarshen tebur.

"Injiniya, tsaya a na lokacin hutu. Wancan na tsakiya."

Na tsaya. Al'adarmu ce duk canjin da ka yi ka rubuta ɗan bayani a gefensa. Yawanci da Turanci nake rubutawa, amma ranar nishaɗin tafin da aka yi mini ya sa na rubuta da Hausa. Ga shi nan a bango, kowane harafi ya kai tafin hannu. Na kai yatsa zan rufe, amma na makara. Baba Ayuba, wanda har yanzu yana tsaye kusa da ni, ya matsa gaba ya kanne ido, ya shiga karantawa da ƙarfi, kalma bayan kalma, irin karatun wanda ya koya da girma.

"Na kwashe shara. Wa ke riƙe da tsohuwar waya a wannan zamani, in ba 'yan ƙauye ba."

Ya juyo ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, wanda da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ashe mu ne sharar, ɗana. To ai da ka faɗa mana tun farko, da ba mu yi ta hawa tudu ba."

Wani ya fashe da dariya daga baya, sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige ban ko yi sallama ba.

Kawu ya ce Madam ta yi bayani. Ta buɗe littafin nan mai shuɗin bango da na ƙi dubawa. Ashe duk wanda ya kira ta sai ta tambaye shi irin wayarsa ta rubuta. Shekarun baya ƙungiyar manoman Gitata ta sayo wa mambobinta wayoyi iri ɗaya a lokaci ɗaya don samun saƙon taki, kuma mutumin Gitata ba ya yar da abin da ke aiki. Sauran mutum biyun da ba 'yan can ba, su ma tsofaffin wayoyi ne da su. Ita ba ta san tafinta ba, ba ta san faci ba, ta dai lura cewa waya iri ɗaya ce ke ganin fari, kuma bayan hutu abin ya fara. Irin wayar kowane mai ziyara yana nan rubuce a cikin bayanan sabar da na yi ta taƙama da su, a ƙarshen kowane layi. Ban taɓa karanta layin har ƙarshe ba, don da na ga abin da nake so sai in tsaya.

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, amma ni haukan ma ya riga ya ƙare mini. Na zauna a gaban kowa, majigi na nuna duk abin da nake yi, na mayar da layukan da na goge, na sake tura shafin. Bai kai minti goma ba. Baba Ayuba ya latsa wayarsa mai roba, sakamako ya fito. Yarinyar ta ci lissafi. Ya nuna wa na kusa da shi, sannan ya nuna mini ni ma, kamar ba abin da ya faru.

Da aka watse Kawu ya kira ni da sunan nan nawa na yarinta, ya zaro ambulan ya danƙa mini a hannu. Ya ce, "Kai ka buga, kai za ka san inda za ka kai ta."

Na tattara sauran mutuncina na nufi ofishin Madam. Abin da ke ɗan sanyaya mini rai shi ne ko ba komai ba ta san an kai ga rubuta takarda ba. Na durƙusa na ce, "Mama, ki yafe mini, na yi miki mummunan zato." (Ranar na fara ce mata Mama, kuma ban daina ba.)

Ta ce, "Ba komai, ɗana, tashi." Sai ta buɗe bayan littafin ta zaro wata takarda a ninke ta miƙo mini. "Ka bar wannan a firinta ranar da aka ɗauke wuta. Da aka kawo wutar ita ta fara fitowa."

Takardar sallamarta ce. Kwana huɗu tana cikin littafin nan, tana zuwa aiki da ita, tana gaishe ni da safe, tana ci gaba da kiran mutane tana rubuta irin wayoyinsu.

Na ce, "Mama, me ya hana ki kai wa Kawu ƙarata?"

Ta ce, "In na kai ƙararka shafin zai buɗe ne? Ni so nake Ayuba ya ga sakamakon 'yarsa."

Yanzu a kan teburina akwai wata tsohuwar waya da na saya a kasuwar Keffi, har roba na ɗaura mata don girmamawa. Ba shafin da ke fita daga hannuna sai ya buɗe a cikinta, ko da kunkuru nawa za a saka mini a zaure. Mutanen Gitata kuwa in sun zo taro sai su leƙo ofishina su ce, "Injiniya, shara ta iso," in fito in gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Zargin dai ban daina ba, hali zanen dutse ne. Sai dai yanzu in abu ya lalace, kafin in ɗora wa kowa tsinken tsintsiya, sai na fara buɗe kundin nan na duba me wancan mutumin mai irin sunana ya aikata lokacin hutu.